FASHIN BAƘI: Me ya sa kujera ke raba rai da mutuwa a ƙananan jiragen sama ƙirar gida?

A shekarar 2007 kamfanin dillancin labarai na AFP ya ba da labarin wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da hannunsa. Injin tsohuwar mota ƙirar Honda Civic ya sa masa, kujerun kuma daga wata tsohuwar Toyota ya ciro su. Rahoton ya ce jirgin ya tashi sama kimanin mita biyu. Labarin ya zagaya duniya, kuma tun daga lokacin kusan kowace shekara sai an ga hoton wani matashi a wani gari tsaye kusa da jirgin da ya ƙera, jama'a na sa masa albarka, ana kira ga gwamnati ta tallafa masa.

Tambayar da kowa ke yi ita ce: zai tashi kuwa? Da wuya ka ji an tambayi abin da zai sami mutumin da ke ciki idan jirgin ya dawo ƙasa ba da shiri ba. A Amurka, inda ƙera jirgi a gida ya fi ko'ina yawa, an shafe fiye da shekara 80 ana nazarin wannan tambaya ta biyu. Babban ɓangaren amsarta yana kan abin da aka fi rainawa a cikin jirgin, wato kujera da bel ɗinta.

Mene ne jirgi ƙirar gida?

Dokar Amurka ta yarda mutum ya ƙera jirginsa don neman ilimi ko nishaɗi, muddin shi ya yi fiye da rabin aikin. Wasu sukan sayi zane kawai su nemi kayan aiki da kansu, wasu kuma sukan sayi sassan jirgi a akwati su haɗa a garejin gidansu cikin shekaru. Ƙungiyar EAA, wadda Paul Poberezny ya kafa a 1953, ita ce uwar masu wannan sha'awa, kuma taronta na shekara-shekara a garin Oshkosh na jihar Wisconsin yana tara dubban jirage.

Najeriya ma ta taɓa cin moriyar wannan fage. Jirgin koyon tuƙi na Air Beetle, wanda kamfanin AIEP ya haɗa wa rundunar sojin saman Najeriya a Kaduna, asalinsa jirgi ne ƙirar gida mai suna RV-6A, na kamfanin Van's Aircraft da ke jihar Oregon. Guda 60 aka yi oda. Ke nan ba maganar kayan wasa ake yi ba: jirage ne na gaske masu gudun ɗaruruwan kilomita a awa.

Sai dai 'yancin da doka ta ba maƙerin gida yana da farashi. Ba a tilasta masa cika ƙa'idojin da ake ɗora wa masana'anta. Abin da hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ke buƙata shi ne jami'i ya duba jirgin, a gwada shi, galibi na awa 25 ko 40, ba tare da fasinja ba, sannan a manna sanarwa a ciki mai gaya wa fasinja cewa wannan jirgi bai cika ƙa'idojin tsaro na jiragen masana'anta ba. Binciken da hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta fitar a 2012 ya nuna cewa a shekarar 2011 jirage ƙirar gida sun kai kusan kashi 10 cikin 100 na ƙananan jiragen ƙasar, amma su ke da kimanin kashi 15 na haɗurra, da kashi 21 na haɗurran da aka rasa rai.

Karo na biyu

Wanda ya fara mayar da wannan batu ilimi shi ne Hugh DeHaven, Ba'amurke da ya shiga koyon tuƙin jirgin yaƙi lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1917 jirginsa ya yi karo da wani a sararin samaniyar Texas. Ya rayu da munanan raunuka a kayan cikinsa, kuma yana jinya ya gane cewa ƙarfen bel ɗin da ya ɗaura ne ya ji masa su. A wancan zamani, ana ɗaukar tsira daga haɗarin jirgi a matsayin sa'a tsantsa. DeHaven bai gamsu ba.

A 1942 ya wallafa nazari kan mutanen da suka faɗo daga tsayin mita 15 zuwa 45 kuma suka rayu. Ya lura cewa abu ɗaya ya haɗa su: duk sun faɗa kan abin da ya lotsa, kamar ƙasa mai laushi ko rufin mota, kuma nauyin bugun ya bazu a jikinsu maimakon ya taru wuri guda. A shekarar ce ya kafa cibiyar binciken raunukan haɗari a makarantar likitanci ta Jami'ar Cornell.

Darasinsa shi ne cewa kowane haɗari karo biyu ne. Na farko tsakanin jirgi da ƙasa. Na biyu tsakanin jikin mutum da cikin jirgin, kuma wannan ne ke kisa. Ya kwatanta aikin maƙeri da na mai shirya kaya masu fashewa domin tafiya. Duk mai sayar da ƙwai ya san wannan: ƙwan da ke cikin kiret, kowanne a raminsa, yakan isa kasuwa lafiya ko da hanya ta yi gargada, wanda aka zuba a kwano kuwa ba sai mota ta kife zai fashe ba.

Nawa jiki zai iya ɗauka?

Masana na auna ƙarfin bugu da ma'aunin da suke kira G. G ɗaya shi ne nauyin jikinka yadda kake jin sa yanzu. G 10 na nufin jikinka ya danna kujera da ninki goma na nauyinsa.

Ranar 10 ga Disamba, 1954, wani likitan sojin saman Amurka, Kanar John Paul Stapp, ya hau wani keken dogo mai injin roka a sansanin Holloman na jihar New Mexico. Ya kai gudun kilomita 1,017 a awa, aka tsayar da shi cikin daƙiƙa 1.4. Jikinsa ya ɗauki G 46. Jini ya taru a idanunsa har ya daina gani na wani lokaci, amma ya rayu, ya kuma warke. Abin da ya tabbatar shi ne cewa mutumin da aka ɗaure da kyau zai iya jure bugu mai tsanani daga gaba.

Bugun da ke zuwa daga ƙasa, ta mazaunai zuwa kai, hukuncinsa daban ne. Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne da aka ɗora kan juna, kuma idan aka danne su fiye da kima sai ɗaya ya murƙushe. Idan gutsuren ya taɓa laka, mutum na iya rasa ƙafafunsa har abada. Shi ya sa kujerun jiragen soji masu saukar ungulu irin su Black Hawk aka tsara su su fara zamewa ƙasa da zarar bugu ya kai kimanin G 14.5, su yi ta sauka har kusan santimita 30 suna shanye ƙarfin. Ƙaramin jirgin da ya rasa gudu kusa da ƙasa ya faɗo a kan cikinsa, irin wannan bugun ne yake kai wa mutanen ciki.

Lissafin tazara

Sirrin duka yana cikin tazarar da jiki ke samu kafin ya tsaya cak. A ɗauki jirgin da ya bugi ƙasa yana saukowa da gudun mita 9 a daƙiƙa, daidai da faɗowa daga tsayin kimanin mita huɗu. Idan jikin matuƙi ya tsaya cikin santimita 5, zai ɗauki fiye da G 80. Idan ya tsaya a hankali cikin santimita 30, abin zai sauko zuwa kimanin G 14. Gudu ɗaya ne, mutum ɗaya ne, amma na farko karayar baya ce ko mutuwa, na biyu kuma mai yiwuwa ya fito da ƙafarsa. Yaran da ke tsalle daga katanga zuwa tulin yashi sun san bambancin, ko da ba su san lissafin ba.

A kan wannan tushe FAA ta kafa doka a 1988 cewa sababbin samfuran ƙananan jiragen masana'anta sai an gwada kujerunsu da bugu na gaske. Ana zaunar da mutum-mutumi mai nauyin kilo 77, a harba kujerar a kan dogo. A gwaji na farko, wanda ke kwaikwayon faɗowa a kan ciki, kujerun gaba na shan G 19, kuma matsin da ya isa ƙashin bayan mutum-mutumin bai kamata ya wuce kimanin kilo 680 ba. A na biyu, mai kwaikwayon karo daga gaba, suna shan G 26. Maƙerin gida ba ya cikin waɗanda wannan doka ta ɗaure. Amma ƙashin bayansa bai san da wannan sassauci ba.

Matsalarsa kuma ta fi ta masana'anta, domin ƙaramin jirgi ba shi da fili. A yawancin jirage masu fuffuke a ƙasa, matuƙi na zaune ne 'yan santimita kaɗan daga fatar cikin jirgin, kusa da babban ƙarfen da ke riƙe fukafukai, wanda shi ne mafi tauri a jirgin gaba ɗaya. Dole ne a nemo tazarar daga wurare uku: ƙafafun sauka da za su lanƙwashe, ƙasan jirgi da zai murƙushe, da kujerar kanta. Daga nan ne doka ta farko ta maƙera ta fito: kada a ajiye wani abu mai tauri a ƙarƙashin kujera. Batir, akwatin sifana, ko gwangwanin kashe gobara da aka cusa a wurin ya cinye tazarar da za ta ceci baya.

Yaudarar soso mai laushi

Hankali zai ba mutum cewa idan kujera ta yi laushi, ta fi kāriya. A nan ne mutane da yawa suka yi kuskure. Soson katifa na yau da kullum ba ya shanye bugu, ajiye shi yake yi ya mayar, kamar sifirin. Lokacin da jirgi ya bugi ƙasa ya tsaya, jikin da ke kan soso mai kauri yana ci gaba da saukowa da cikakken gudunsa, domin soson ba ya riƙe shi. Sai ya matse soson gaba ɗaya, sannan ya daki gindin kujerar da ya riga ya tsaya, ko ma ya fara dawowa sama. Sakamakon shi ne jikin ya sha bugun da ya fi wanda jirgin kansa ya sha. Ƙari a kan haka, da soson ya lotsa sai bel ya yi sako-sako, mutum ya samu damar zamewa.

Abin da ake so shi ne soso mai tauri wanda ke lotsawa a hankali kuma ba ya saurin dawowa. Irin wannan an fara samar da shi ne a 1966, lokacin da injiniya Charles Yost ya yi wa hukumar NASA aikin inganta kujerun jirage. Daga baya ne ya shiga kasuwar katifu da filo. Maƙera sukan jera shi hawa-hawa: mafi tauri a ƙasa, matsakaici a tsakiya, siriri mai ɗan laushi a sama. A Birtaniya, gwaje-gwajen da likita Tony Segal ya yi kan jirage marasa inji sun sa matuƙansu da dama suka yi watsi da soso mai laushi suka koma mai shanye bugu.

Wannan soso yana da hali guda da ya kamata mai aiki a ƙasa mai zafi ya sani: yana yin tauri a sanyi, yana yin laushi a zafi. Kujerar da ta yi daidai a Wisconsin ba lallai ta yi irin aikin ba a jirgin da ya wuni a rana a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu. Haka kuma abin da aka lulluɓe kujerar da shi yana da muhimmanci idan wuta ta tashi. Fata da ulu ba sa saurin kamawa, yadin roba kuwa narkewa yake yi ya manne a jiki, soson katifa kuma yana fitar da hayaƙi mai guba.

Bel: inda aka ɗaure shi ya fi ƙarfinsa muhimmanci

Bel na ƙugu kaɗai yana hana mutum fita daga jirgi, amma ba ya hana shi naɗewa gaba kamar wuƙar aljihu, kansa ya daki allon agogunan tuƙi. FAA ta ce nazarin munanan haɗurra ya nuna cewa ƙara bel na kafaɗa zai rage manyan raunuka da kashi 88 cikin 100, mutuwa kuma da kashi 20. Ta wajabta shi a kujerun gaba na ƙananan jiragen da aka ƙera bayan Yulin 1978, sannan a dukkan kujeru bayan Disambar 1986.

Amma bel mai kyau da aka ɗaure ba daidai ba yana iya zama makami. Na ƙugu ya kamata ya bi ta kan ƙashin ƙugu, ya sauka zuwa maɗaurinsa a karkace, kimanin digiri 45 zuwa 55. Idan ya kwanta da yawa, sai ya hau ciki, mutum ya zame ta ƙarƙashinsa, kayan ciki su ɗauki bugun, kwatankwacin abin da ya sami DeHaven. Don hana wannan ne ake ƙara igiya ta biyar da ke bi ta tsakanin cinyoyi. Na kafaɗa kuma ya kamata maɗaurinsa ya kasance daidai da tsayin kafaɗa ko sama kaɗan. Idan aka ɗaure shi a ƙasa, bayan kujera, to lokacin da jiki ya yi gaba bel ɗin zai ja kafaɗu ƙasa ya ƙara wa ƙashin baya matsi. Sannan dole maɗaurin ya kama ƙashin jirgin kansa. Mutum mai kilo 77 a G 26 yana jan bel da nauyin kusan tan biyu. Siririn faranti na alminiyam ba zai riƙe wannan ba.

Wannan ya dawo da mu ga kujerar Toyota. An tsara kujerar mota ne don karon da ke zuwa daga gaba, baya ko gefe, a cikin akwatin ƙarfe mai nauyi inda bel ke maƙale a jikin motar. Tana da nauyi, tana da soso mai tsalle, kuma ba a yi ta don faɗowa daga sama ba. Matashin da ya ɗauke ta bai yi ganganci ba, ita ce a hannunsa, kuma babu wanda ya gaya masa bambancin.

Jin daɗin zama ba alatu ba ne

Kada a ɗauka tauri na nufin wahala. Kujerar da ke sa ƙafa sanyi bayan awa ɗaya tana gajiyar da matuƙi, kuma gajiyayye ne ke kuskure wajen sauka. Kyakkyawar kujera tana raba nauyi tsakanin mazaunai da cinyoyi, tana tallafe ƙasan baya yadda ƙashin zai tsaya a miƙe. Ƙashin baya a miƙe ya fi lanƙwasasshe jure matsi, saboda haka jin daɗi da kāriya a nan hanyarsu ɗaya. Dole kuma daga inda yake zaune, da bel a ɗaure tamau, matuƙi ya ga waje sosai, hannunsa ya kai kan komai.

Mutuwar mawaƙin Amurka John Denver ranar 12 ga Oktoba, 1997, misali ce da ake koyarwa har yau. Ya sayi jirgi ƙirar gida samfurin Long-EZ da wani ya haɗa. A zanen asali, makunnin sauya tankin mai yana tsakanin ƙafafun matuƙi, amma maƙerin ya mayar da shi bayan kafaɗar hagu. NTSB ta kammala cewa lokacin da man tanki ɗaya ya ƙare, Denver ya juya jikinsa don ya kai ga makunnin, ƙafarsa ta danna matakin da ke juya wutsiyar jirgi, jirgin ya ƙwace masa ya faɗa teku a gaɓar California. Ko jiragen masana'anta ba su tsira daga matsalar kujera ba: a 1987 FAA ta ba da umarnin a riƙa duba dogon da kujerun ƙananan jiragen Cessna ke zamewa a kai, domin an samu lokutan da kujera ta kuɓuce ta yi baya daidai lokacin tashi, matuƙi ya ja sitiyari tare da shi.

Abin da ya shafe mu

Tsakanin mutuwa da fitowa lafiya akwai fili mai faɗi, kuma 'yan Najeriya sun ga hakan. Ranar 25 ga Oktoba, 2012, jirgin da gwamnan Taraba, Danbaba Suntai, ke tuƙawa ya faɗi kusa da Yola. Jirgin masana'anta ne, ƙirar Cessna 208, kuma waɗanda ke ciki sun tsira da rayukansu. Amma raunin da gwamnan ya samu a ka ya hana shi komawa aiki yadda ya kamata, jihar ta shiga dambarwar wane ne ke mulki, shi kuma ya rasu a 2017. Kalmar "ya tsira" a kanun labarai ba ta faɗin yadda sauran rayuwar mutum za ta kasance.

Najeriya na da hukumar NCAA mai rajistar jirage da ba su shaidar cancantar tashi, da hukumar NSIB mai binciken haɗurra, da Kwalejin Horar da Ma'aikatan Jiragen Sama ta Zariya da aka kafa a 1964. Ilimin da aka zayyana a sama ba sirri ba ne, kuma ba ya buƙatar biliyoyin naira. Abin da ya dace shi ne waɗannan cibiyoyi su fitar da ƙa'idoji masu sauƙin fahimta ga masu ƙera jirgi a gida, har da harsunan ƙasa, su kuma buɗe ƙofar da matashi zai kawo aikinsa injiniya ya duba kafin ya kunna inji, ba tare da fargabar za a ƙwace masa ba. Hana mutane ba zai tsayar da su ba, sai dai ya sa su yi gwaji a ɓoye. Tafi da ɗaukar hoto da 'yan siyasa ke yi kuwa ba ya kare ƙashin bayan kowa.

Saboda haka, idan hoton wani sabon jirgi ya sake yawo a Facebook, bayan an yi wa maƙerin fatan alheri, akwai tambayoyi huɗu da masoyinsa na gaskiya zai yi masa. Mene ne a ƙarƙashin kujerar? Wane irin soso ne a kanta? A jikin me aka ɗaure bel ɗin? Kuma wane masani ne ya duba? Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan matashin bai da amsa, gara jirgin ya ƙara wata shida a ƙasa.